Kujera mai kunnuwa a ƙasar Sassumbrum: tarihin ƙirarta da tarken amfaninta

0. Gabatarwa

Masu nazarin al'adun Hausawa sun yi rubutu mai yawa a kan tufafi da gini da ƙira da dukanci, amma kayan zama ba su sami irin wannan kulawa ba. A cikin wannan maƙala za mu ɗauki abin zama guda ɗaya mu yi masa tarke, kamar yadda ake yi wa waƙa ko ƙagaggen labari, wato mu dubi asalinsa, da sigarsa, da aikin da yake yi, sannan mu yanke hukunci a kansa.

Abin da muka ɗauka shi ne doguwar kujerar kushin ta mutum ɗaya, mai majingina da ta wuce kan mai zama, wadda ake fito mata da wasu ɓangarori biyu daga majinginar, ɗaya dama ɗaya hagu, daidai kumatunsa. Turawan Ingila suna kiran waɗannan ɓangarori fikafikai. Faransawa da Jamusawa kunnuwa suke ce musu, shi ya sa a Faransanci ake cewa fauteuil à oreilles ko bergère à oreilles. Mu ma a nan za mu kira ta kujera mai kunnuwa.

Fagen da muka zaɓa shi ne Sassumbrum da kewayenta, a gundumar Magarya ta jihar Damagaram, dab da iyakar Nijeriya ta wajen ƙasar Daura, tare da gundumar Dungas wadda aka cire daga Magarya a 2011. A wannan yanki, kamar sauran ƙasar Hausa, ana ganin kujerar ko danginta a wurare uku: inda masu sarauta ke karɓar baƙi, da falon attajirai, da wurin zaman ango da amarya ranar biki.

Ra'ayin da za mu kare shi ne wannan: an ƙirƙiro kunnuwan ne don maganin wata matsala ta ɗakin Bature wadda babu ita a zauren Bahaushe. Da suka iso nan sai suka koma alamar girma kawai, alamar da ke cin karo da yanayin ƙasar, da tsarin zaman jama'a, da abin da aljihun manomi zai iya ɗauka. Duk da haka akwai mutum ɗaya da kujerar ta dace da shi ƙwarai, kuma ba shi ake saya wa ita ba.

1. Asalin kunnuwan

1.1. Ingila da Amurka

Kujerar ta bayyana a Ingila cikin rabi na biyu na ƙarni na 17. Daga cikin tsofaffin da suka rage akwai guda biyu a gidan Ham, kusa da Landan, waɗanda aka yi wa iyalin Lauderdale a shekarun 1670. Kujerun barci ake kiran su, kuma suna da wani ƙarfe mai haƙora da ake kwantar da majinginar da shi.

Dalilin kunnuwan a bayyane yake ga wanda ya san gidajen wancan zamani. Da murhun itace ko na gawayi da ke jikin bango ake ɗumama ɗaki. Wutar tana gasa mutum ta gaba, tana kuma jawo iska mai sanyi daga ƙarƙashin ƙofa da tagogi, iskar ta riƙa bugun ƙeyarsa da wuyansa. Doguwar majingina da kunnuwa biyu suna tare wannan iska, suna riƙe ɗumin wutar, kuma idan gyangyaɗi ya ɗauki mai zama kansa ya sami abin dogara.

A zamanin Sarauniya Anne (1702-1714) kujerar ta sami sigar da aka fi saninta da ita har yau, mai lanƙwasassun ƙafafun gaba. Littafin zane-zanen Hepplewhite na 1788 ya kawo ta, kuma sunan da ya ba ta yana kwatanta ɓangarorin ne da kumatu. A garuruwan Boston da Filadelfiya na Amurka, a ƙarni na 18, wurinta shi ne ɗakin kwana. Kujerar tsoho ce da majinyaci da mai jego, har akan ɓoye tukunyar bayan gida a ƙarƙashin mazaunin wasu. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za mu komo gare shi.

Cikinta kuwa gashin doki ne da ɗamarar lilin da matashin gashin tsuntsu, a kan ƙashin katako. Yawancin kuɗinta a yadin rufi da aikin mai ɗinki yake tafiya. Sai daga shekarun 1820 aka fara sa wa kujeru murɗaɗɗen ƙarfe mai lotsawa.

1.2. Faransa

A zamanin Louis XV (1715-1774) Faransawa suka ƙware a irin tasu, wato bergère: gajera, mai faɗin mazauni, katakonta a fili, an sassaƙa masa furanni, wani lokaci an shafa masa ruwan zinari. Wadda aka yi wa manyan kunnuwa har suna kare fuska ana ce mata en confessionnal, don ta yi kama da akurkin da limamin Katolika ke zama yana sauraron masu tuba. A nan ne kunnuwan suka fara wani aiki na biyu, wato ɓoye fuska daga idon mutane.

1.3. Ƙarni na 20

Da aka sami hanyar ɗumama gida gaba ɗaya da bututun ruwan zafi, sai aikin farko na kunnuwan ya mutu, amma sigar ba ta mutu ba. Masu tsara kaya na ƙasar Danmak ne suka fi sabunta ta: Frits Henningsen a 1935, Hans Wegner a 1951 da 1960, da Arne Jacobsen a 1958. Ta Jacobsen, wadda ake kira Ƙwai, an yi ta ne don zauren baƙi na otal ɗin SAS Royal a Kofanhagan. Ƙwarya ce guda mai tauri, an lulluɓe ta da soso, tana juyawa a kan ƙafa ɗaya. Jacobsen ya ba kunnuwan sabon dalili: mutum ya keɓe kansa cikin taron baƙin da bai sani ba. A 2012 kamfanin IKEA ya fitar da Strandmon, wadda ya ɗauko daga wata tsohuwar kujerarsa ta farkon shekarun 1950, aka sayar da ita a ƙasashe da dama a farashin da matsakaicin ma'aikaci zai iya.

Ke nan kunnuwan sun yi aiki iri uku a Turai: tare iska, kare ido, da tuna wa mai saye gidan kakanninsa. Kowane ɗaya amsa ce ga wata buƙata ta mutanen wurin.

2. Zama a ƙasar Hausa kafin zuwan kujerar

2.1. Shaidar harshe

Bahaushe ba ya cewa sarki ya hau kujera sai a bakin zamani. Cewa yake yi ya hau gadon sarauta, ko karagar mulki. Masu nazarin harshe sun san gado na kwanciya da gado na magada kalmomi biyu ne, tsawon wasali da karin sauti sun raba su. Na farkon ne ake nufi a nan, wato shimfiɗaɗɗen wuri mai faɗi da ake hawa a harɗe ƙafa. Malami kuma da buzunsa aka san shi. Baƙo tabarma ake shimfiɗa masa, har aka yi karin magana cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Darajar mai zama tana fitowa ne daga abin da aka shimfiɗa masa, da yawan shimfiɗun, da tazarar da aka bari tsakaninsa da saura, da cire takalmi kafin a matso.

Kalmar kujera ta sami sababbin ma'anoni daga baya: kujerar majalisa, kujerar shugaban ƙasa, kujerar Makka. Dukkansu suna nuni ga gurbi na mutum ɗaya da hukuma ke bayarwa, wanda ake nema, ake samu, ake rasawa.

2.2. Shaidar matafiya

Lokacin da Clapperton ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato a 1824, ya tarar da shi zaune a kan ɗan ƙaramin kilishi tsakanin ginshiƙai biyu. Wannan shi ne mai mulkin daula mafi girma a yankin a lokacin. Ta wajen Barno kuwa, wadda Damagaram ta daɗe tana kai wa gaisuwa, al'adar ita ce ɓoye sarki. Ibn Battuta, a tsakiyar ƙarni na 14, ya ba da labarin cewa sarkin Barno ba ya magana da mutane sai ta bayan labule, kuma Denham a 1823 ya ga Mai yana karɓar gaisuwa daga cikin wani keji. Saboda haka ɓoye fuskar mai mulki ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Amawalin rawani yana yin wannan aiki, haka ma dogarai da ke baza rigunansu su kare sarki sa'ad da zai zauna, ko zai tashi, ko zai gyara rawani.

2.3. Kujerar mata

Kujerar da Bahaushe ya gada ta mata ce. Masassaƙi ke fafe ta daga gungume guda, ba ƙusa ba haɗi, tsayinta bai fi taki ɗaya ko ɗaya da rabi ba, wani lokaci a yi mata zane da ƙarfe mai zafi. Da ita ake girki da wanke-wanke da kitso da wankan jego. Tsayinta an auna shi ne da murhu da ƙwarya da ke ƙasa. A ma'aunin tarke wannan ƙira ce da ta cika: ba abin da za a rage mata, ba abin da za a ƙara. Masassaƙa sun san itacen kowane aiki, ƙirya don turmi, aduwa don allo, danya don akushi, kamar yadda masu saƙa suka san kabar da ta isa yin tabarma.

3. Hanyar da kujerar ta biyo

Doguwar kujera ta shigo da mulkin mallaka. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, kuma Zinder ta zama babban birnin yankin daga 1911 zuwa 1926. A ofishin kwamanda aka fara ganin sabon tsari: mai iko a sama bayan tebur, mai ƙara a tsugune a ƙasa. Lakwal ta zo da benci. Daga nan tsawon abin zama ya shiga cikin ma'aunin girma.

Kuɗin sayen kujera kuwa gyaɗa ce ta fara kawo shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma ƙasar Magarya ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren noman gyaɗa a Nijar har zuwa farin shekarun 1970. Sannan soson roba ya sauƙaƙa aikin kushin: an kafa kamfanin Vitafoam a Nijeriya a 1962, kuma da arzikin man fetur na shekarun 1970 saitin kujerun kushin ya bazu a biranen Arewa. Daga Kano yayin yake tasowa, ya biyo ta Daura da Mai'aduwa, ko ta Ɓaɓura, ko ta Maigatari, ya tsallako iyaka. Katako daga dazuzzukan kudancin Nijeriya yake zuwa, soso da yadi da ƙusa da fenti daga kasuwannin Kano.

Abin lura shi ne, kafintan yankin bai gaji sigar daga wani ubangida da ya koya a Landan ko Paris ba. Daga hoto ya ɗauko ta: kalanda, da kundin hotunan shago, da finafinan Hausa da suka fara yaɗuwa tun 1990, yanzu kuma wayar hannu. Hoton ma sau da yawa ba na asalin ba ne, na kwaikwayon salon Louis XV ne da ake yi a Dumyat ta Masar, ko a Turkiyya, ko a Sin. Hoto yana nuna gaba, ba ya nuna ciki, ba ya kuma faɗin dalili. Sakamakon shi ne kujera mai majinginar Ingila, da sassaƙar Faransa, da fentin zinari, da karammiski, da wani kambi a bisa kai. Kunnuwan a nan firam ne na hoto. Ƙarshen wannan hanya mun gan shi a wata ƙasa: gadon sarautar da aka ƙera wa Bokassa don naɗinsa a Bangi ranar 4 ga Disamba 1977, gaggafa ce ta tagulla mai ruwan zinari da ta buɗe fikafikai, mai zama yana cikin ƙirjinta.

4. Tarke

4.1. Iska

A ƙasar Damagaram zafin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40. Mafi yawan shekara mutum neman iska yake yi, shi ya sa ake zaman gindin bishiya da rumfa da ƙofar gida. Kujerar da aka ƙirƙiro don tare iska daga baya da gefe biyu tana hana mai zama abin da ya fi buƙata. Soso ba ya numfashi, karammiski yana riƙe zufa, kuma da hunturu ya shigo sai ya sha ƙura. Shaidar wannan kuskure tana cikin gidajen kansu: kujerun suna jere a falo an lulluɓe su da leda ko zane, masu gida suna zaune a tabarma a gabansu, wani lokaci ma sun jingina da ƙafafunsu.

4.2. Ido da kunne

Zaman Hausawa zaman gefe da gefe ne. A fada, manya suna dama da hagu, kuma shawarar da ta fi nauyi daga gefe take zuwa, a raɗa. A majalisar ƙofar gida da'ira ake yi. Kunnuwan kujera suna yanke ganin gefe, suna rage jin abin da ake faɗi daga can, suna tilasta wa mai zama ya dubi gaba kawai ko ya sunkuyo ya leƙo. Ga mai karatu shi kaɗai gaban murhu wannan alheri ne. Ga mai sauraron ƙara tsakanin manomi da makiyayi, wanda ya kamata ya ga fuskar kowa ya kuma ji ta bakin dattawan da ke gefensa, cikas ne.

Za a iya cewa ai mun nuna ɓoye fuskar sarki tsohuwar al'ada ce, don haka kunnuwan sun dace. Amsarmu ita ce, rigar dogari tana buɗewa tana rufewa gwargwadon buƙata, kuma tana kare sarki daga idon taro ne na ɗan lokaci. Kunnen katako a kafe yake, yana kare shi daga mashawartansa, ya bar shi a buɗe ga na'urar ɗaukar hoto.

4.3. Jiki da tufa

An auna kujerar da jikin mai wando da kwat, wanda ƙafafunsa ke sauka ƙasa cikin takalmi. Mai babbar riga yana buƙatar faɗi don hannayen rigar, mai rawani yana buƙatar sarari a bayan kai da gefensa. Doguwar majingina tana turo rawani gaba, kunnuwan kujera suna gogar kunnuwan rawani, hannayenta suna tattare rigar da aka biya kuɗi aka buga. Wanda ya saba harɗe ƙafa kuma ba ya samun wurin yin haka, sai ya ɗaga ƙafa ɗaya ya naɗe ta a ƙarƙashinsa, abin da ke saurin kashe soson.

4.4. Aljihu

A nan ne maganar ta fi nauyi. Kayan ɗaki a wuyan iyayen amarya suke. Da saitin kujeru ya shiga jerin abin da ake kunyar rashinsa, sai ya zama ana sayar da tumaki ko hatsin da ya kamata ya kai gida damina don a saye shi. Tunda kayan haɗin duk daga ƙetaren iyaka suke, farashin yana bin canjin naira da sefa da halin da iyakar take ciki. An ga haka bayan karya darajar sefa a Janairun 1994, da lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Abin da aka saya da wannan wahala kuwa ba ya daɗewa: gara tana cin ɗanyen katako daga ƙasa, soso yana lotsewa, kuɗin cizo yana samun maɓoya a lungun kunnuwan. Kujerar da masassaƙi ya fafe wa kakar amarya tana iya riskar jikar; saitin jikar da wuya ya ga yayen ɗanta na biyu.

4.5. Wanda ta dace da shi

Adalcin tarke shi ne a faɗi abin da ƙira ta iya. Akwai watanni biyu ko uku, daga Disamba zuwa Fabrairu, da iskar hunturu ke ratsa zaure da asuba da dare. Akwai kuma tsofaffi masu ciwon gwiwa da ba sa iya tashi daga tabarma sai an kama su, da masu shanyewar ɓarin jiki da kansu ke karkata, da masu ciwon ƙirji da ba sa iya barci a kwance, da masu jego. Ga waɗannan, doguwar majingina da kunnuwa da hannaye masu ƙarfi magani ne, kuma su ne ainihin mutanen da aka yi wa kujerar a ɗakunan kwanan ƙarni na 18. A yankinmu ana ajiye ta a falo don baƙo, tsohon gidan kuwa yana kan farar kujerar roba, irin wadda ta samo asali daga ƙirar Henry Massonnet ta 1972 a Faransa, an cusa masa matashi a baya.

5. Tsoho, tsohon yayi, da na zamani

Kasuwar Turai tana raba kujerun nan gida uku. Abin da ya haura shekara 100 shi ne kayan tarihi, kuma jadawalin kwastan na duniya ya ware masa lamba ta kansa, 97.06. Abin da bai kai haka ba amma ya wuce kamar shekara 20 shi ne tsohon yayi mai daraja, kamar kujerun Wegner da Jacobsen na farko. Saura na zamani ne. A wannan tsari shekaru suna ƙara kuɗi.

Bai kamata ɗalibanmu su ɗauko wannan rabo su ɗora wa kayan Hausa ba tare da tunani ba. A kasuwar Magarya ko ta Dungas tsufa rage kuɗi yake yi. Abin da ya tsufa kwance ne ko gwanjo, dillaliya ke yawo da shi, kuma tsohon yayi zargi ne. Inda tsohon abu ke da daraja, kamar takobin da ake dangantawa da Bayajida a fadar Daura, ko allo da buzun wani malami, darajar daga mai shi take fitowa, kuma irin wannan ba ya shiga kasuwa. Rabon da ya fi dacewa da mu shi ne na dangantaka: abin da aka gada, abin da aka kai wa amarya, abin da hukuma ta bayar, da abin da ake haya don biki.

Wannan bambanci yana da illa guda da ya kamata a kula da ita. Tunda ba mai ganin darajar tsohuwar kujerar tsakar gida, in ta tsage murhu take shiga. Haka saitin kushin na shekarun 1970, wanda shi ma shaida ne na wani zamani, yake ƙarewa a bola. Tarihin kayan zaman yankin yana ɓacewa ba tare da an rubuta shi ba.

6. Yadda wasu suka yi da baƙuwar kujera

Ba muna kira ne a koma tabarma ba. Aro ba laifi ba ne. Abin tambaya shi ne ko mai aron ya sarrafa abin da ya aro. Misalai biyu sun ishe mu. Asantawa sun ɗauki kujerar Turawan da suka zo bakin teku, suka rage mata tsayi, suka yi mata mazauni na fata, suka ƙawata ta da ƙusoshin farin ƙarfe da tagulla, ta zama asipim, ba tare da ta ture kujerun gargajiyarsu daga matsayinsu ba. A Lamu da Mombasa da Zanzibar kuma akwai kiti cha enzi, doguwar kujerar girma ta Sawahilawa, mai majingina da matakin ƙafa, wadda aka saƙa mazauninta da bayanta da zare don iska ta ratsa. Duka biyun sun riƙe kwarjinin baƙuwar siga, sun sauya ta don ta dace da jikinsu da yanayinsu.

Ƙasar Sassumbrum tana da abin yin haka. Akwai masu saƙar kaba da igiya, akwai dukawa da Damagaram ta yi suna da su, akwai masassaƙa, akwai kuma itatuwan da manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka raya a gonakinsu tun tsakiyar shekarun 1980, waɗanda rassansu ke ba da itacen ƙananan ayyuka ba tare da an sare uwar ba. Kujerar da za ta fito daga waɗannan hannaye za ta kasance mai faɗin mazauni yadda za a iya harɗe ƙafa, mai saƙaƙƙen baya, mai matashin fata da ake cirewa a shanya, mai ƙafafun da gara ba ta so, mai kunnuwan da ake ɗaurawa da hunturu a cire da bazara.

7. Kammalawa

Mun bi kujera mai kunnuwa daga ɗakunan sanyi na Ingila, ta fadar Faransa da otal ɗin Kofanhagan, har zuwa shagon kafinta a kan iyakar Nijar da Nijeriya. Mun nuna cewa a kowane zango na Turai kunnuwan suna da aikin yi, a nan kuwa sigar ta iso ta bar dalilinta a baya. Hukuncinmu shi ne, a matsayin kujerar fada da ta falo da ta kayan ɗaki ƙirar ba ta yi nasara ba, a matsayin kujerar tsoho da majinyaci kuwa tana da gurbin da har yanzu ba a ba ta ba.

Aiki uku muke ba da shawarar sashenmu ya ɗauka. Na farko, a tattara kalmomin kayan zama da na sassansu daga bakin masassaƙa da kafintoci da dillalai a kasuwannin Magarya da Dungas, tare da lura da waɗanda aka aro daga Faransanci da waɗanda suka tsallako daga Nijeriya. Na biyu, a nemi izinin masu sarauta a auna, a kuma ɗauki hoton abin da suke zama a kai da abin da magabatansu suka zauna a kai, a ajiye kwafi a gidan tarihi na Zinder. Na uku, ɗalibin da ke neman batun kundin digiri ya bi jerin kayan ɗaki na uwa da ƴa da jika a gida ɗaya, ya ga lokacin da kujerar kushin ta shiga, da abin da aka sayar aka saye ta, da abin da ta kora daga ɗakin.